Kwamfuta Ba Ta Zufa: Zaɓen Abin Sanyaya Furosesa a Ƙasa Mai Zafi

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin malamin ilimin halittu ya tsoma bakinsa cikin sha'anin kwamfuta, alhali ga injiniyoyi da suka fi shi cancanta. Dalilin kuwa shi ne, a bazarar da ta wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a wata makarantar sakandare, ya zo mini da kuka. Makarantarsu ta tara kuɗi da ƙyar ta sayi kwamfutocin tebur domin horar da ɗaliban ajin ƙarshe, tun da yake daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Cikin hunturu komai ya tafi daidai. Da watan Afrilu ya kama, sai babbar kwamfutar da malamai ke shirya darussa a kanta ta fara nauyi da zarar azahar ta yi, fankarta na ruri kamar injin niƙa, wani lokaci ma ta ɗauke gaba ɗaya ana tsakiyar aiki. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta. Wani kuma ya ba da shawarar a sayo mata abin sanyaya mai ruwa, wanda kuɗinsa ya isa a sayi littattafan aji guda.

Abin da ya ja hankalina shi ne, matsalar da ke gaban wannan na'ura ita ce ainihin matsalar da ke gaban raƙumi da giwa da ɗan Adam, wadda nake koyarwa kowace shekara: jiki yana haifar da zafi daga ciki, dole ne a fitar da shi waje, wajen kuma shi ma da nasa zafin. Duk ɗalibin da ya fahimci yadda jikinsa ke yaƙi da rana ya riga ya fahimci rabin wannan darasi.

Daga ina zafin yake fitowa?

Furosesa, wanda aka fi sani da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan falle ne na silikon da aka dasa wa ƙananan makunnai da ake kira taransista. Kowanne yana buɗewa yana rufewa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Tun a shekarar 1841 James Joule na Ingila ya nuna cewa lantarki na haifar da zafi a duk abin da ya ratsa. Da yake furosesa ba ya ɗaga kaya, ba ya juya ƙafa, kusan dukkan lantarkin da ya sha yana komawa zafi ne. Saboda haka idan aka ce furosesa yana shan wat 100, daidai yake da a ce yana fitar da zafi na jul 100 a kowace daƙiƙa.

Furosesan Intel 4004 na shekarar 1971 yana da taransista 2,300 kacal, kuma bai bukaci wani abin sanyaya ba. Pentium na 1993 ya zo da taransista miliyan 3.1, yana shan wat kimanin 15. Core i9-13900K kuwa, wanda ya fito a 2022, yakan kai wat 253 idan aka ɗora masa aiki mai nauyi.

Domin mu gane girman wannan adadi, mu gwada shi da jikinmu. Baligi da ke zaune yana hutawa yana fitar da zafin da bai wuce wat 80 zuwa 100 ba, kuma yana da fata mai faɗin kimanin murabba'in mita 1.8 da zai watsa shi. Ƙwaƙwalwar mutum, da duk tunaninta da haddarta, wat 20 ne rabonta. Shi kuwa wancan furosesa yana fitar da zafin mutum uku daga fallen da bai kai murabba'in santimita 3 ba, wato bai fi kan sarki girma ba. Kowane murabba'in santimita ɗaya yana ɗauke da kusan wat 100. Dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 bai wuce wat 5 zuwa 7 ba a kan irin wannan fili. Ashe ke nan ba yawan zafin ne kawai abin damuwa ba, har da ƙuncin ƙofar da zai fita ta cikinta.

Me zai faru idan bai fita ba? Mu a ilimin halittu mun san cewa ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin yawancin ayyukan sinadarai na jiki kusan sau biyu, har zuwa inda enzayim zai lalace, aiki ya tsaya. Wannan doka, wadda ta samo asali daga aikin Svante Arrhenius na Suwidin a 1889, ba ta bar kayan lantarki ba. Masu ƙera kafasita, wato waɗannan 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan babban allon kwamfuta, suna lissafin cewa ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanan irin masu ruwa a ciki. Shi furosesan zamani yana da dabarar kare kansa. Da zarar ya kai iyakar da aka yanka masa, wato digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ga yawancin na Intel, ko 95 ga irin su Ryzen 9 7950X na kamfanin AMD, sai ya rage saurinsa da kansa, kamar yadda ƙadangare ke barin farauta ya laɓe a inuwa da tsakar rana. Idan hakan bai wadatar ba sai ya kashe kwamfutar. Nauyin da malaman can suka gani da azahar ba cuta ba ce, na'ura ce ke neman ceton kanta.

Hanyar da zafi yake bi

Zafi ba ya tafiya sai daga wuri mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu gwargwadon saurin tafiyarsa. Daga silikon yakan ratsa murfin ƙarfe da ke rufe da furosesa, ya shiga gindin abin sanyaya, ya bi bututu zuwa fallaye, daga nan iska ta kwashe shi. A kowane zango akwai shinge. Masana na auna iyawar abu wajen wuce da zafi da adadi guda: jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyam kimanin 237, ruwa 0.6, iska kuwa 0.026 kacal. Iskar da ba ta motsi tana cikin mafiya rowa wajen ba zafi hanya. Shi ya sa gashin tunkiya da gashin tsuntsu ke ɗumama masu su: iska suke tsarewa a tsakaninsu.

Wannan ne ya kawo mu ga man da ake shafawa tsakanin furosesa da abin sanyaya. Ƙarfe biyu, komai sulɓinsu a ido, idan aka duba su da madubin ƙara girma za a ga tudu da kwari, kuma iska ce ke cike kwarin. Aikin man shi ne ya kori wannan iska. (Kada a ruɗe da man zafi na ciwon jiki, wannan man isar da zafi ne, mai launin toka, da ke zuwa cikin ɗan sirinji.) Ya fi iska sau ɗari ko fiye, amma jan ƙarfe ya fi shi sau arba'in ko fiye, don haka cika shi ba gwaninta ba ce. Ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa ga yawancin furosesa, matsin ƙusoshi ne zai baje shi. A riƙa ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, yadda makaniki ke ɗaure tayar mota.

A nan ne muka kama ɓarawon kwamfutar makarantar nan. Da muka kwance abin sanyayarta sai muka tarar wanda ya haɗa ta bai ɓare 'yar ledar da kamfani ke manna wa gindin ƙarfen ba. Wata biyar zafi na ƙoƙarin ratsa leda. Cikin sanyin hunturu laifin ya ɓuya, bazara ce ta tona shi.

Bututun zafi kuwa, wato waɗannan bututun jan ƙarfe da ke lanƙwashe daga gindi zuwa sama, shi ne abin da ya fi burge ni a duk kayan kwamfuta, domin zufa ce aka kulle a cikin kwalba. George Grover ne ya fito da shi a siffarsa ta zamani a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka a 1963. A cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an toshe bakinsa. Da yake babu matsin iska, ruwan yakan tafasa tun zafi bai kai na jikin mutum ba. A ƙarshen da ke kan furosesa ruwan yakan zama tururi, tururin ya ruga zuwa ƙarshen da ke da sanyi, ya saki zafinsa, ya koma ruwa. To, me ke mayar da shi gida? An shafe bangon bututun ta ciki da garin jan ƙarfe da aka gasa ya zama kamar soso, shi ke tsotso ruwan ya dawo da shi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ko yadda ruwa ke hawa siraran jijiyoyin tsiro.

Sirrin yana cikin tururin. Giram ɗaya na ruwa yana bukatar jul 4.2 kawai domin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, amma yana kwashe jul kimanin 2,400 kafin ya zama tururi. Wannan ne ya sa zufa ke sanyaya mu, shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kuma a kan wannan ƙa'ida ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu a ƙauyukan Jigawa, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Furosesa mai wat 250 yana bukatar a mayar da kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya na ruwa tururi a kowace daƙiƙa, wato giram 375 a sa'a guda. Ruwan da ke cikin bututun bai kai cokali ba, amma shi ne ke kai da komowa ba hutawa.

Sai dai akwai bambanci babba, kuma a kansa wannan darasi ya dogara. Zufarmu tana barin jiki ta tafi da zafin cikin iska, shi ya sa manomi zai iya riƙe jikinsa a digiri 37 alhali iskar gona tana 42, muddin yana shan ruwa. Tururin bututu ba ya fita ko'ina. Ɗaukar zafi kawai yake daga wuri zuwa wuri, a ƙarshe iskar ɗaki ce za ta karɓa. Saboda haka babu abin sanyaya na iska ko na ruwa da zai iya sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki. Mutum na iya yin ƙasa da zafin iskar da ke kewaye da shi, kwamfuta ba ta iyawa.

Fallayen alminiyam da ke jere a sama ba sa bukatar dogon bayani ga wanda ya san kunnen giwa. Giwar Afirka tana tura jini cikin faffaɗan kunnuwanta tana kaɗa su, yanyawa ma da ke cikin sahara haka take da manyan kunnuwa a kan ɗan ƙaramin jiki. Faɗin fili ake nema, fanka kuma ita ce kaɗawar.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a je kasuwa

Ana iya taƙaita ingancin kowane abin sanyaya da adadi ɗaya, wato digiri nawa furosesa zai ɗara iskar da ke shiga a kan kowane wat ɗaya. Mu kira shi turjiya. Ƙa'idar ita ce: zafin furosesa daidai yake da zafin iska, a tara da wat sau turjiya. Alƙaluman turjiya da ke biye na misali ne domin koyon lissafi.

Mu ɗauka muna da babban abin sanyaya mai turjiya 0.25, da furosesa mai wat 250. Idan muka ninka za mu sami digiri 62.5. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka sukan yi gwajinsu a ɗaki mai digiri 21 ko 22, don haka za su ga kimanin 84, su rubuta cewa abin yana da kyau, kuma ba su yi ƙarya ba. A kawo wannan na'ura Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano da ya kai digiri 40, sai lissafi ya ba da 102.5. An haye iyaka. Ba abin da ya canja a jikin na'urar, ɗakin ne ya cinye digiri 18 daga cikin rarar da take da ita.

Yanzu mu juya lissafin. A wannan ɗaki mai digiri 40, mu sa furosesa mai wat 65 da ɗan matsakaicin abin sanyaya mai turjiya 0.5. Za mu sami 32.5, a tara da 40, ya zama 72.5. Abin sanyaya mai araha, wanda bai kai rabin ingancin na farko ba ko ya yi daidai da rabinsa, ya ba da sakamakon da ya fi kyau da digiri 30. Darasin da ke nan shi ne, zaɓen abin sanyaya yana farawa ne tun daga zaɓen furosesa.

Wajibi ne kuma a yi hattara da adadin wat da ke rubuce a jikin kwali. Tun daga 2021 kamfanin Intel yake bayyana adadi biyu, na aikin yau da kullum da na ƙololuwa. Core i5-12400 yana da 65 da 117, Core i9-13900K kuma 125 da 253. Haka Ryzen 9 7950X, an rubuta masa 170 amma an yarje masa ya kai 230. Wanda zai yi aiki mai nauyi na tsawon lokaci, kamar haɗa bidiyo ko zanen gine-gine, da babban adadin zai yi lissafi.

Iska ko ruwa?

Kayan sanyaya da ke kasuwa iri uku ne. Akwai ɗan ƙaramin da ke zuwa kyauta cikin kwalin wasu furosesoshi, irin su Wraith Stealth na AMD da Laminar RM1 na Intel: dunƙulen ƙarfe ne da fanka a kansa. An yi shi ne domin masu wat 65, kuma ya isa ga buga takardu da gwajin jarrabawa, ko da yake zai yi ƙara da bazara. Akwai mai siffar hasumiya, wanda ke da bututun zafi da fallaye a tsaye, tun daga irin Cooler Master Hyper 212 mai bututu 4 da fanka ɗaya ta milimita 120, har zuwa irin Noctua NH-D15 na 2014, mai hasumiya biyu da bututu 6 da fanka biyu na milimita 140, wanda nauyinsa ya haura kilo ɗaya. Sai kuma mai ruwa, wanda ke zuwa a rufe daga kamfani: faifan jan ƙarfe a kan furosesa, ɗan famfo, tiyo biyu, da lagireto irin na mota mai tsawon milimita 240 ko 280 ko 360.

Mai ruwa kwaikwayon zagayawar jini ne: famfo shi ne zuciya, tiyo jijiyoyi, lagireto kuma fata. Fa'idarsa a fili take. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai lita kimanin 3,500 ta iska za ta ɗauka. Domin kwashe wat 250, ruwa lita 1.8 a minti ɗaya ya isa, kuma zafinsa ba zai ƙaru da fiye da digiri 2 ba. Iska kuwa sai an tura lita 22 a kowace daƙiƙa, kuma za ta fita da ƙarin digiri 10. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Ruwan ba ya haɗiye zafin, kai shi lagireto kawai yake, a can kuma waccan iska lita 22 ce dai za ta karɓe shi. Abin da mai ruwa ya fi da shi shi ne yana kai zafi bakin akwati inda akwai filin shimfiɗa fallaye masu yawa. Shi ya sa ƙaramin lagireto na milimita 120 ba ya fin hasumiya mai kyau, na 240 sukan yi kunnen doki da babbar hasumiya, sai na 360 ne ke yin gaba sosai.

Duk mai zuciya kuma yana iya mutuwa da ciwon zuciya. Idan famfo ya tsaya, zafin furosesa yakan haura cikin daƙiƙoƙi, kuma ba a gyara shi, sai dai a sake sabo ɗungurungum. Ruwan yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, iska ta maye gurbinsa. Idan aka kafa lagireto ƙasa da famfo, iskar takan taru a cikin famfon ta hana shi aiki, don haka dole wani sashe na lagireto ya fi famfo tsawo. Hasumiya kuwa abu ɗaya ne ke motsi a jikinta, wato fanka. Idan ta mutu tulin ƙarfen zai ci gaba da ɗan aiki, kuma ana samun madadinta wajen kowane mai gyaran kwamfuta.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Makarantar da ba ta da ma'aikacin da zai riƙa sa ido a kan na'urori ba ta da hurumin sayen mai ruwa. Furosesa mai wat 65 da hasumiya mai bututu 4 sun ishe ta, har da rara. Wanda furosesansa ke kaiwa wat 150 zuwa 200 ya nemi hasumiya biyu. Wanda ya haura 200, kuma da gaske aikinsa na bukatar hakan, shi ne zai duba lagireto na 360, tare da sanin cewa ya sayi abin da ke da ajali.

Kafin a biya kuɗi a auna abu uku. Na farko mazaunin furosesa: Intel ya sauya zuwa LGA1700 a 2021 da sabon tsarin ramukan ƙusa, don haka tsohon abin sanyaya na bukatar sabbin maɗaurai, shi kuwa AM5 na AMD da ya zo a 2022 yana karɓar mafi yawan na AM4. Na biyu faɗin akwati, domin NH-D15 yana da tsayin milimita 165, akwatuna da yawa ba za su rufu a kansa ba. Na uku, a duba kada fankar gaba ta danne sandunan ma'adanar wucin gadi da ke gefen furosesa.

Darasi daga raƙumi

A farkon shekarun 1950 masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen ya auna zafin jikin raƙuma a saharar Aljeriya. Ya gano cewa raƙumin da aka hana ruwa yakan wayi gari da digiri 34, ya bar jikinsa ya yi ta ɗumama har kusan 41 da yamma, sannan ya sauke zafin da dare ba tare da ya ɓarnatar da ruwa ba. Zafin da zai kwantar da mutum a asibiti, ga raƙumi tsari ne. Haka abin yake ga wasu furosesoshin zamani. AMD ya bayyana cewa jerin Ryzen 7000 an tsara su ne su riƙa ƙara sauri har su taɓa digiri 95 su zauna a nan idan aiki ya yi nauyi. Ganin 90 a lokacin aiki mai tsanani ba dalilin firgita ba ne. Abin tsoro shi ne a ga 80 ko 90 alhali kwamfuta ba ta yin komai, ko a ga sauri na faɗuwa.

Raƙumi kuma ba ya tsere da tsakar rana, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi kowace araha. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tafiya ne da saurinsa, sau ƙarfin lantarkin da aka ba shi ninki biyu, wato bolt sau bolt. Idan aka rage bolt da kashi 10 cikin ɗari, zafi zai ragu da kashi 19, domin 0.9 sau 0.9 shi ne 0.81. Da yake ƙarshen saurin furosesa shi ke bukatar bolt mafi yawa, ɗan saurin ƙarshe da ake matsowa shi ne mafi tsada. A cikin shafin BIOS ana iya yanka wa furosesa iyakar wat, AMD ma ya tanadi tsarin tsimi da ke mayar da mai wat 170 ya zama na 105 ko 65. Mu koma lissafinmu na ɗazu: a rage 250 zuwa 180, a ninka da 0.25, a tara da 40, za a sami 85 maimakon 102.5, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Saurin da za a rasa bai kai kason wat da aka rage ba, kuma ya fi a bar na'ura tana bugun iyaka tana ja da baya. Masu manyan Intel na zubi na 13 da 14 su sabunta BIOS ɗinsu, domin a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu na neman bolt fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali, kuma ya fitar da gyara. Wannan matsala ce da babu fankar da za ta magance ta.

Akwati, ƙura da ɗaki

Abin sanyaya mafi tsada ba shi da amfani idan iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. A sa fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, fankar hasumiya kuma ta fuskanci baya. Idan masu shigarwa sun fi masu fitarwa, iska za ta riƙa fita ta kowace kafa maimakon ta shigo da ƙura ta cikinta, da sharaɗin akwai raga a gaban masu shigarwar. Ragar nan ita ce gashin hancin kwamfuta. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi daga sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi, ta shimfiɗa ta a kan fallaye kamar bargo, bargo kuwa mun riga mun san iska yake tsarewa. A wanke raga kowane mako biyu a lokacin hazo, a kuma hure cikin akwati da abin hura iska a ƙarshen hunturu, kafin zafi ya sauka. A cire waya daga bango tukuna, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, a kuma taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allo, domin busasshiyar iskar hunturu na tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ke tartsatsi idan an cire riga da dare. A ɗaga akwati daga ƙasa, a ba shi tazarar taki ɗaya daga bango. Bayan dogon hutu a leƙa ciki da kyau. Na taɓa samun gidan zanzaro a manne da fallaye.

Kada kuma a ɗora wa akwati jiƙaƙƙen tsumma ko ƙanƙara, kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Duk abin da ya fi iskar ɗaki sanyi sosai yana tara raɓa, musamman da damina, raɓa kuwa a kan allon lantarki ajali ce.

Daga ƙarshe zafin duk a ɗaki yake tarewa. Kwamfuta 30, kowace da allonta tana shan wat 150, sun ba da wat 4,500. Ɗalibai 30, kowanne wat 100, sun ƙara 3,000. Jimla 7,500, ban da zafin da ke sauka daga rufi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin wat 3,500 ne, ke nan biyu ma ba su isa ba. Inda babu halin wannan, sai a nemi silin a ƙarƙashin kwano, tagogi masu fuskantar juna, inuwar itatuwa ta yamma, sannan a mayar da darasin kwamfuta zuwa safiya.

Gwaji domin aji

Malami zai iya auna turjiyar kwamfutar makarantarsa tare da ɗalibai. Ana bukatar ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwaje, da manhaja irin HWiNFO da ke nuna zafin furosesa da wat da yake sha, da wata irin Cinebench da ke ɗora masa aiki mai nauyi. A rataye ma'aunin a gaban fankar da ke shigo da iska, a kunna aikin na minti 10, a rubuta adadi uku: zafin iska, zafin furosesa, da wat. A debe na farko daga na biyu, a raba da na uku. Idan furosesa ya taɓa iyakarsa a lokacin gwajin, a lura da yadda wat ke sauka da kansa, a rubuta wannan ma.

A maimaita da ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 2 na rana. Ɗalibai za su ga zafin furosesa ya canja amma turjiya ta tsaya kusan inda take. Sannan a hure ƙura a sake aunawa, a ga wanne ne ya motsa a wannan karon. A bar wa ɗalibai tambaya ɗaya su tafi da ita gida: bisa turjiyar da suka samu, digiri nawa ɗakin zai kai kafin kwamfutar makarantarsu ta fara rage sauri?